Uwar kuɗi, iri ko ruwa: da wane ido mai ƙaramin jari zai kalli kasuwancinsa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai abin da nake so masu sani su warware mini. In ka saurari dattawan Babbar Kasuwar Katsina, ba kasafai suke cewa jari ba, uwar kuɗi suke cewa. Wanda ya taɓa ta, a ce ya ci uwa. Kaya in sun ƙi tafiya, a ce sun yi kwantai, kuɗi sun kwanta. Matasan da ke fitowa daga tarukan koyar da sana'a kuwa wani bakin suke yi: kuɗin iri, buɗe reshe, ƙwace kasuwa, doke abokin hamayya. To waɗannan kalmomi adon baki ne kawai, ko suna canza shawarar da mutum ke yankewa a shago? In suna canzawa, da wace siffa ya kamata a raini yaron da aka haɗa wa jarin naira dubu 500 zuwa miliyan ɗaya? Don Allah a haɗa mini da lissafi.

Malamin Hausa ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ba ado ba ne. Abin da ido ba ya gani, irin su jari da riba da lokaci, kai ba ya iya riƙe shi sai ya aro masa jiki daga abin da ya sani: dabba, gona, ruwa, hanya. Aron kuma ba ya zuwa shi kaɗai. In ka aro uwa, ka aro haihuwa, ka aro kunyar yanka ta. In ka aro yaƙi, ka aro maƙiyi, ko da a layinku babu mai gaba da kai.

George Lakoff da Mark Johnson ne suka yi suna da wannan bayani a 1980. A 2011 kuma Paul Thibodeau da Lera Boroditsky na Jami'ar Stanford da ke Amurka suka gwada shi a kan mutane. Suka raba rahoto ɗaya kan yawaitar laifuka a wani gari, alƙaluma iri ɗaya, sai dai a wata takardar an kira laifin mugun naman daji da ke farautar gari, a ɗayar kuma ƙwayar cuta da ta kama gari. Waɗanda suka karanta ta naman daji suka fi karkata ga kamu da ɗauri. Na cuta suka fi son a binciko tushe a gyara. Da aka tambaye su abin da ya ja ra'ayinsu, mafi yawansu alƙaluman suka nuna, kalmar ba su ma kawo ta a ka ba.

Mu dawo gida. Balarabe ya ce ra'asul mali, kan dukiya. Mu muka ce uwa. Duka biyun suna hana ka taɓawa, amma uwa ta ƙara da haihuwa, kuma ta wannan ƙofa mayaudara ke shigowa. "Ajiye kuɗinka su riƙa haihuwa kana kwance." MMM, wani tsarin zuba kuɗi na yaudara, ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a kowane wata kafin ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Ɗora lissafin: naira dubu 100 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a wata goma sha biyu. Akuya, wadda ita ce ke haihuwar gaske, wata biyar take ɗauke da ciki, kuma sai an ba ta dusa. Duk wanda ya tuna akuyar ba za a yi masa wannan zamba ba.

Akwai kalmar da nake so ƙwarai, ita ce karaya. Ɗan kasuwa a wurinmu karyewa yake yi, karaya kuwa tana da maɗori. Shi ya sa ba abin kunya ba ne dangi da 'yan layi su haɗa wa wanda ya karye ɗan abin da zai sake tsayawa da shi. Wannan siffa ta ceci mutane da yawa, kada a bar ta ta ɓace.

Mai Awo na Dandume ya amsa:

Allah ya ƙara sani, Malam. Bari in kawo na buhu. Aibin kalmar uwar kuɗi a yau guda ne: tana sa mutum ya ƙirga uwar da naira.

A ce yaro yana da miliyan ɗaya, masara tana dubu 50, ya sari buhu 20. Ya sayar a dubu 56, ya tashi da miliyan ɗaya da dubu 120. Dako, mota, la'adar dillali da kuɗin sito suka ci naira 1,500 a kowane buhu, dubu 30 ke nan. Saura dubu 90, ya ce ga ɗiyar, ya kai gida, uwa kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Ya koma kasuwa ya tarar buhu ya kai dubu 58. Miliyan ɗinsa buhu 17 za ta saya, da ɗan canji. Buhu uku sun tafi, alhali a littafinsa bai yi asarar kwabo ba. Ko da bai taɓa dubu 90 ɗin ba, buhu 18 zai samu. Wato cinikin da ya yi murna da shi faɗuwa ce. In aka yi haka sau huɗu ko biyar, sai ka ga mai tirela ya koma mai a-kori-kura, shi kuma yana rantsuwa bai ci uwa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Tsakanin Yunin 2023 da Fabrairun 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta sanya hauhawar farashi ta watan Disambar 2024 a kashi 34.8 cikin 100. Masu shago da yawa a wannan tsakani ta wannan hanya suka rame.

Gyaran ba shi da wuya. A shafin farko na littafi yaron ya rubuta uwar da adadin kaya, buhu 20 ko katan 60 ko turmin atamfa 40, ba da naira ba. Farashin da zai sayar ya ɗora shi a kan abin da zai saro gobe, don haka ya riƙa bugawa ya ji farashin sari kafin ya buɗe shago. Kada ya kira komai riba sai buhu 20 sun koma sito. Malaman fiƙihu ma haka suka ce a babin ƙiradi, wato mai kuɗi ya ba wani jari ya juya su raba riba: ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo cikakkiya.

A nan ne kalmar iri ta fi uwa, domin manomi da tiya yake auna irinsa, bai taɓa auna shi da kuɗi ba. Amma ita ma tana da nata tarko. Iri yana koya maka binne ka jira, sai mutum ya zuba duk jarinsa a hatsi da kaka ya kulle sito yana jiran bazara. Bai lissafa hayar sito ba, bai lissafa maganin ƙwari ba, bai san masarar da aka saya da sauran danshi za ta rage nauyi ko ta yi fumfuna ba. Sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 ake kulle ta, wake kuma in ba a buhu mai leda biyu a ciki ba, wanda iska ba ta shiga, ƙwaro zai mayar da shi gari. Ga babbar: damina da kaka suna da lokacinsu, farashi ba shi da shi. Waɗanda suka ɓoye hatsi da tsadar 2024 a ransu sun ga yadda ya sauko a 2025. Mai ƙaramin jari kada ya kulle fiye da kashi ɗaya cikin uku, sauran ya bar shi a hannu yana juyawa.

Akawun 'Yar Kutungu ya amsa:

Juyawar da Mai Awo ya rufe da ita ita ce tawa siffar. Ga mai shagon kayan masarufi, a ganina, babu wadda ta kai ruwa: kuɗi su gudana, kada su kwanta. Uwa da iri suna sa ka duba yawa. Ruwa yana sa ka duba kwanaki, kuma kwanakin ne ke kashe shago.

Ɗauki mutum biyu, kowa da dubu 500. Na farko yana cin ribar kashi 5 kacal, amma kayansa na ƙarewa duk kwana goma: dubu 25 sau uku, dubu 75 a wata. Na biyu yana cin kashi 20, amma sai wata uku yake karkaɗe shago: dubu 100 a raba uku, bai kai dubu 34 a wata ba. Wanda ke kallon kaurin riba zai zaɓi na biyu, ya yi ganin kitse ga rogo.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowane yaro ya iya kafin a ba shi makulli. Kwana nawa kaya ke yi a shago kafin su fita? A ce 20. Kwana nawa masu cin bashi ke yi kafin su biya? A ce 15. Kwana nawa mai ba ka sari ke ɗaga maka ƙafa? A ce 7. Haɗa na farko da na biyu ka cire na uku, ka samu 28. Wato duk nairar da ka saka, sai bayan kwana 28 take dawowa hannunka. In a rana kana fitar da kayan dubu 40 a farashin sari, kana buƙatar miliyan ɗaya da dubu 120 a cikin magudanar a kowane lokaci.

Yanzu a ce Allah ya buɗa, ciniki ya ninka. Kuɗin da magudanar ke buƙata sun koma miliyan 2 da dubu 240, kuma kafin ribar ta zo za ka biya su. Abin da masu cewa "a faɗaɗa, a faɗaɗa" ba su faɗa wa yara ke nan: girma shan kuɗi yake yi kafin ya ba da su. Shago cike da masu saye, mai shi ba shi da na sari, sai ya ruga cin bashi mai ruwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin ya nemi ƙarin ciniki, ya fara rage kwanakin. Bashin kwana 15 ya koma 7, kayan da suka yi wata biyu ba su motsa ba ya sake su ko a farashin da ya saro. A misalin nan, kwana takwas da ya rage daga bashi sun saki dubu 320 ba tare da ya roƙi kowa ba.

Inda siffar ruwa ke yaudara shi ne tana mantar da kai cewa kowane juyi yana da kuɗinsa. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa Kano sari sau uku a wata ba irin na da ba ne, kuma ribar kashi 5 tana iya ƙarewa a kuɗin mota. Tana kuma sa ka ɗauka hanya a buɗe take kullum. Masu harka ta Jibiya da Kwangwalam sun san yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024, kowa kuma ya tuna ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Kuɗin hayar wata uku da na abinci su zauna a gefe, wannan kwanciyar ba laifi ba ce.

Alhaji Mai Yadi ya amsa:

Ku gafarce ni, malamai, ina ganin an ba kalma nauyin da ya fi ƙarfinta. Akwai wanda bai san uwa ba, bai san iri ba, amma yana rubuta shiga da fita, yana cika alkawari, kuma Allah ya yi masa arziki. Littafi da amana su ne kasuwa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Wuri ɗaya na yarda da ku, wato maganar yaƙi, don ita kam ɓarnarta a fili take. Yaro ya zo layi da niyyar doke maƙwabta, makaminsa ɗaya ne, karya farashi. Yadin da ya saro 900 yana sayarwa 1,000, ribarsa 100. Ya rage naira 50, a ganinsa kashi 5 kawai ya sauke, alhali rabin ribarsa ya yanke, sai ya sayar da ninkin kaya kafin ya koma inda yake. Maƙwabcin da ya fi shi jari zai sauko ya same shi, ya jure wata shida, shi ba zai jure biyu ba. Kuma ya rasa abin da ya fi ribar. A layi, in mai saye ya nemi launin da ba ka da shi, ɗaukowa kake yi a shagon kusa ku raba abin da aka samu. Maƙwabci ne ke tsare maka shago in ka tafi masallaci ko jana'iza, shi ne ke tsaya maka wurin mai sari. Wanda ya shigo da yaƙi ya toshe wa kansa duk waɗannan.

Hajiya Mai Kaji, Daura, ta amsa:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Littafin ma ai abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci shi yake rubutawa a ciki. Mai ƙirga naira littafinsa daidai yake, ga buhunansa suna raguwa. A nan kalmar ke shiga.

Ni kiwo zan kawo, don shi ne ke koyar da abu biyu da sauran suka tsallake. Na farko, girma yana da ranar tsayawa. Kajin gidan gona na nama, a makonnin farko abinci kilo ɗaya da rabi kan ba ka kusan kilo ɗaya na nauyi. Daga mako na bakwai abin ya haura kilo biyu, kowace kaza tana cin giram 180 zuwa 200 a rana, kaji ɗari buhu mai kilo 25 ba ya kai su kwana biyu. Mai saye a kasuwa kuwa ɗaga kazar yake yi ya kimanta da hannu, ƙarin nauyin ba lallai ya biya shi ba. Duk ranar da ka ƙara bayan nan kazar ce ke cin ka. Haka ragon turka: ana ɗaure shi wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah a kan harawa da dusa, wanda kuma ya riƙe nasa yana jiran ƙarin dubu goma har aka sauko daga idi, ya san yadda kasuwar Mai'adua ke komawa. Shago ma haka ne. Akwai ƙarin kaya ko ƙarin yaro ko ƙarin firiza da kuɗin riƙe shi ya fi abin da yake kawowa. A tambayi kowane ƙari shi kaɗai: nawa yake ci a wata, nawa yake kawowa?

Na biyu, uwa ci take yi. Kazar ƙwai sai ta yi mako 18 zuwa 20 tana cin abinci kafin ta saka ƙwan farko, wanda bai tanadi abincin wata biyar ba zai sayar da ita ana gab da samu. Inji ma yana da nasa abincin, sai dai ba ya kuka. Injin markaɗe na dubu 600 da zai yi shekara huɗu yana cin dubu 150 a shekara, wajen naira 410 a rana, ban da mai da gyara. Matan da ke wannan sana'a su riƙa zuba wannan 410 ɗin a adashe na daban, su kuma ƙara a kai duk lokacin da farashin sabon inji ya tashi. In ba haka ba ranar da ya tsaya, sana'ar ta tsaya.

Sannan mu mata da masu shago a ƙofar gida muna da wata siffar da ba mu furtawa amma muna aiki da ita: rijiya. Kuɗin cefane a ɗiba, na makaranta a ɗiba, biki a ɗiba. Rijiya idonta yana da iyakar abin da yake kawowa a yini, in guga ya fi shi sauri laka za a jawo. A yanka wa kai albashi, misali naira 2,000 a rana, a rubuta shi kamar na yaron shago, ko sabulu aka ɗauka daga kanta a biya daga ciki.

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya sake tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya ba a taɓa ba, kuma ita ce yaran suka fi so: reshe. Da shago ya yi shekara sai ka ji ana neman na biyu. Yaushe ya dace?

Akawun 'Yar Kutungu ya amsa:

Reshe ba shi da saiwa, daga gindi yake sha, kuma haka shago na biyu ke yi wa na farko. Fara da lissafin abin da zai ci ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A ce haya dubu 300 a shekara, dubu 25 ke nan a wata. Yaro dubu 30, wuta da man janareta dubu 15, haraji da kuɗin masu gadi dubu 5. Jimla dubu 75. In ribar kayan kashi 8 ce, sai an yi cinikin naira 937,500 a wata kafin a tashi babu riba babu faɗuwa, wajen dubu 36 a rana in ana buɗewa kwana 26. Sabon wuri ba ya kai wannan a watannin farko, giɓin kuma daga aljihun tsohon shago zai fito, ban da kayan da za a kwaso a cika kantocin sabon. Don haka kafin a karɓi makulli, a sami kuɗin kayan sabon shago da na wata shida na wannan dubu 75 ɗin, dubu 450, daga ribar da aka tara, ba daga magudanar na farko ba.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Mai shago ya ƙirga kayansa, ya bar wa yaronsa shagon mako biyu ba ya leƙawa, ya dawo ya sake ƙirgawa ya gwada da littafi. In sun yi daidai, to akwai tsarin da za a iya kwafa. In ba su yi ba, idonsa ne ke riƙe da shagon, ido kuwa ba ya zama wuri biyu. Taura biyu ba ta taunuwa.

Iyayenmu dashe suke yi, ba reshe ba. Dubi 'yan lambun Ajiwa: tumatir yana yin kamar mako huɗu a wurin reno, sai ya yi saiwarsa a cire shi a kai shi nasa gurbin. Haka ubangida ke yi wa yaron da ya daɗe a hannunsa, ya san masu sari, ya san masu saye, sannan a ware masa jari ya tsaya da ƙafarsa. In za a yi shi bisa ƙiradi a mazhabar Malikiyya, jarin kuɗi ne ake bayarwa ba kaya ba, ribar kuma da kaso ake yanka ta tun farko, rabi ko sulusi, ba a cewa "ka riƙa kawo mini dubu 20 duk wata." In an faɗi ba da sakacin yaron ba, asarar kuɗin tana kan mai kuɗi, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. A rubuta adadin jarin, kason kowa, irin kayan da za a yi harkarsu da ranar da za a riƙa zaman lissafi, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Asusun banki da na'urar POS na sabon wurin su zama nasa daban tun ranar farko, kada kuɗin wurare biyu su haɗu a aljihu ɗaya.